Ina bincike a kanabin Rahad, amma ana ɗauka ta ma'aikaciyar munazzama (ƙungiyar agaji): yaya zan yi?

'Yar Gadarif

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin raya karkara, kuma bincikena a kan matan kanabi ne, wato ƙauyukan 'yan ƙodagon gona (guda ɗaya shi ne kambo), na mashru'in Rahad, aikin noman ban-ruwa da ke wajen Fau a Sudan: aikinsu a cirar gyaɗa da tsinkar auduga, abin da ke shigo musu, da inda suke ɗebo ruwan sha. Bahaushiya ce ni, haihuwar Gadarif, don haka harshe bai dame ni ba. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya.

Na farko, da an hango istimara (takardar tambayoyi) da biro a hannuna sai labari ya zagaye kambo cewa masu rabo sun zo. Ko na rantse ni ɗaliba ce, sai an ce in dai rubuta suna. Wata tsohuwa har jikokinta ta jera mini a bakin rakuba (rumfa), tana faɗin sunan kowa. In na tambayi dabbobi sai a ce babu, ga akuya kuwa tana tauna gefen tabarmar da nake zaune a kai. Wallahi ban ga laifinsu ba, mutane sun sha wuya tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Amma me zan rubuta da irin waɗannan amsoshi?

Na biyu ya fi ciwo. A shafin farko akwai tambayar asalin iyali da lokacin zuwansu Sudan. Ina kaiwa nan sai fuskoki su canza, hira ta mutu. Waɗanda suka taɓa aikin fili, ku taimaka mini.

Tsohon Mai Ƙirga

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru ina cike wa masu bincike takardu a Jazira da Managil, kafin gwiwa ta zaunar da ni. Matsalar ba daga matan take ba, daga takardar take.

Tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe mashru'in Jazira, littafin hukuma mutum ɗaya ya sani: mai hawasha, wato wanda aka yanka wa gona a mashru'in. Shi ke da suna da lamba, shi ake ba ruwa, shi ake yi wa lissafin auduga. Mu da kakanninmu suka riƙe fartanya aka zaunar da mu a kanabi bakin tur'a (magudanar ban-ruwa), ba mu cikin littafin. Rahad da aka buɗe a shekarun 1970 ma a kan wannan tsari aka gina shi. To mai zana istimara a ofis yakan tambayi "gonarka fadan nawa ce?" Mutumin kambo ya ce ba shi da gona, kuma gaskiya ya faɗa. Amma shi ya nome hawashar wani da sharaka, aka raba dawa ko gyaɗa bayan girbi. Sai a rubuta shi ɗan ƙodago kawai, rabin rayuwarsa ya ɓace daga lissafi.

Ki daina tambayar abin da ke shigowa a wata. Babu mai albashi a can, kuma fam ɗin Sudan ya zube har ba a iya auna komai da shi. Ki bi shekara daki-daki: da shuka me kika yi, da noman ciyawa fa, da cirar gyaɗa an biya ki kuɗi ne ko an auna miki? Ki yi lissafi da shawal (buhu) da kela (mazubin awon hatsi), su ne ma'aunin da ke kansu. Kuma kada ki bar fili ba ki tono maganar shail ba. Mutum ya karɓi kuɗi ko hatsi wurin ɗan kasuwa tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya biya da amfanin gona a farashin da aka yanke tun kafin girbi, wanda ya yi ƙasa sosai da na kasuwa. Gida zai ce miki ya samu shawal goma, alhali mafi yawa sun tafi kafin su shigo tsakar gida. Wanda bai tambayi shail ba bai san talaucin wurin ba.

Maganar akuya kuwa, bar takarda a jaka kwanakin farko. Je ki gona da su da sassafe, ki ci fatur (karin kumallo) tare da su, ki riƙe wa wata goyo. Wadda ta ga kin tsuguna kina kaɗe ƙasa daga jikin gyaɗa ba za ta ci gaba da ɗaukar ki mai rabo ba. Dabbobi kuma da yamma suke dawowa, ido ya ishe ki.

Ɗan Mai Wurno

Baba ya gama da ta farko. Ƙanwata, tambaya ta biyu ki cire ta gaba ɗaya, ki gaya wa malaminki dalili.

Ke kin san abin da wannan tambaya ke nufi a gidajenmu. Garinmu, Mai Wurno, ya kafu ne bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya taho gabas da jama'arsa. Wasu ma sun riga su, ta hanyar hajji. Duk da haka dokar ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaure samun jinsiyya (shaidar zama ɗan ƙasa) da zaman kakanni a ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma mutanenmu da yawa sun sha yawo ofis-ofis ana ce musu su kawo shaida. Sannan ga rikicin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilul Azraƙ, wanda tushensa maganar ƙasa ce da sarauta. Matar da ta ga haka, baƙuwa ta zo da biro tana tambayar yaushe kuka zo, me kike so ta ɗauka?

Idan bincikenki na buƙatar sanin daɗewar kambo, tambayi tsofaffi wace tur'a suka tarar, wane ne ya haƙa rijiyar farko, ina aka fara binne mamaci. Za su ba ki tarihi fiye da abin da kika nema. Kuma ki nemi littafin Mark Duffield na 1981 a kan garinmu, ko don ki ga yadda zama na dogon lokaci ke fito da abin da istimara ba ta kamawa.

Maman Hauwa

Ni a kambo na tashi, yanzu ina Madani. Yarinya, ba na ƙin aikinki, amma zan faɗa miki abin da ke raina. Muna yara wasu suka zo da fararen riguna, suka raba mana kwalabe muka yi fitsari, wai ana duba tsargiya. Mun san muna da ita, yara maza da yawa jini suke gani, don a tur'a muke wanka, a nan muke wanki, daga nan ake ɗebo na sha a zuba a tulu ya kwanta. Suka tafi da kwalaben. Har yau ban san me suka gani a nawa ba. Bayansu wasu sun zo sun ƙirga ɗakuna, wasu sun auna hannun jarirai. Babu wanda ya dawo ko da gaisuwa.

Shi ya sa uwata in ta ga mai takarda takan ce a faɗi abin da zai kawo buhu. Kada ki yi musu alkawarin famfo, ba a hannunki yake ba. Amma ki sa ranar da za ki dawo ki karanta musu abin da kika rubuta, da Hausa, a gaban shehun kambo da matan. In akwai kuskure su gyara miki.

'Yar Gadarif

Allah ya saka muku da alheri. Mama, na ji, kuma na ɗauka. Zan koma bayan girbin gyaɗa da abin da na tattara kafin in miƙa komai. Yaya, gobe zan kai wa malamina maganar cire tambayar. Baba, abu ɗaya ya rage: shail kamar abin kunya ne a wurinsu, ta ina zan ɓullo masa?

Tsohon Mai Ƙirga

Kada ki tambaya a gaban taro, kuma kada ki nemi sunan ɗan kasuwar, gobe wurinsa za su koma. Ki bari sai kun keɓe, ki ce: "Bana da hatsi ya ƙare, da me aka ci har kaka ta yi?" Daga nan ita za ta kai ki.