Shuwa ko Murtala: wa ya fi iya jan runduna?

Ɗan Yerwa:
Bismillah. Yaƙin basasan Najeriya da Biafra, 1967. Muhammadu Shuwa da Murtala Muhammad kwamandojin sojan tarayya ne; Banjo, Achuzia da Uchendu kuwa na Biafra ne.

A Gakem aka fara yin wuta,
Shida ga Yuli, Shuwa na gaba.
Nsukka ta faɗo cikin watan,
Inugu huɗu ga Oktoba.
Ba ya ɗagawa sai ya ga mai
Da harsashi duk an rarraba.
Mai tafiya a sannu ya isa,
Mai gaggawa bai kai ba.

Ɗan Dala:
Sannu da hawainiya, ɗan Yerwa,
Banjo ya kai Ore kuna ina?
Tara ga Agusta ya haye Kwara,
Legas ta kasa barci da kwana.
Murtala ya tara kuku da akawu,
Ya mai da su cikakkiyar runduna.
Ashirin ga Satumba ya ƙwace Binin,
Faɗi naka in kana da magana.

Ɗan Yerwa:
To zo Asaba, kar ka tsallake,
Gada a karye, kogi ya kawo ruwa.
Legas ta ce a haye ta Idah,
Ya ce ta nan za a yi hayewa.
Jirgin fito ya sauke na farko,
Na baya ba su sami isowa.
Ba su haƙa ramuka a gaɓa ba,
Suka watse cikin kasuwa.
Achuzia ya auka musu a Anaca,
Sau uku kogi na haɗiyewa.

Malam Mai Aruli:
Ɗan Yerwa, baitin nan ya karye. "Gada a karye" gaɓa 12 ce, "Suka watse" 9. Gyara kafin mu ci gaba.

Bazazzagi:
Malam, ba a auna kari da ƙidayar gaɓa. Nauyinta ake dubawa, doguwa da gajera. Rera shi ka ji.

Malam Mai Aruli:
Na rera, ɗingishi yake.

Ɗan Dala:
Allah ya ƙara wa Malam sani. Kano ba ma sakin gurgun baiti.

Yaya Hajara:
Kuna ta faɗa a kan awon baiti,
Asaba na da abin tunawa.
Bakwai ga Oktoba farar hula
Suka fito da waƙa da rawa,
Cikin fararen kaya na maraba,
Aka ware maza a Ogbe-Osowa.
Sojan tarayya ya buɗe wuta,
Wannan ba ya cikin abin yabawa.

Bazazzagi:
Gaskiya ce, Yaya. Allah ya kiyaye gaba.

Ɗan Dala:
Na ji, Yaya, ban musa ba.
Ɗan Yerwa kuwa bai gama labari ba:
Ta Idah ya zago, ya bi ta Awka,
A Maris Anaca ba ta tsira ba.

Ɗan Yerwa:
Ƙarasa Maris ɗin, 31 ga wata, 1968, abin da ya sami ayarin Murtala.

Ayari ya jeru a Abagana,
Mota na shinshinar mota.
Tankar mai tsakanin makamai,
Hanya siririya, ba ta ratsa ta.
Uchendu na kwance a cikin daji,
Harbi guda ya sami tankar, ta kama.
Da an ba da rata tsakaninsu,
Da wutar ba ta cinye jerin ba.

Malam Mai Aruli:
Ka fara da "ta", ka koma "ma", ka ƙare da "ba". Amsa-amo uku a waƙa ɗaya?

Ɗan Yerwa:
Malam, kawo naka baitin kan Umuahia, 22 ga Afrilu 1969, mu ga rundunar wa ta shiga.