Shari'ar makarantar TJ ta Virginia a Amurka, an gama ne ko har yanzu ana kotu?

Baban Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a arewacin Virginia ku taimaka min da bayani. Bara muka dawo gundumar Fairfax da iyali, yarinyata tana aji bakwai yanzu kuma tubarkalla kanta na ja a lissafi, shi ne malamarta ta ce mu fara tunanin Thomas Jefferson, wadda ake ce wa TJ, sakandaren gwamnati ce ta kimiyya da fasaha, kyauta ce amma shigar ce aiki. To ran Juma'a bayan an sallame muna wajen takalma na ɗan taɓo maganar wa wani abokin aikina ɗan Pakistan, kawai sai mutumin ya ɗau zafi, wai an soke jarabawa, an je kotu, har Kotun Ƙoli, ya yi ta zuba ni dai ban kama bakin zaren ba ga shi ina saurin komawa aiki. Shari'ar nan an gama ta ko tana nan? Kuma in babu jarabawa da me ake ɗaukar yaran? Kar in sa yarinya wahalar shiri a banza.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Baban Husna, Allah ya raya mana ita. A taƙaice shari'ar ta ƙare tun Fabrairun 2024 kuma sabon tsarin shi ne ya tsaya. Amma bari in ɗauko maka daga tushe don ka gane abin da ya hasala abokin naka.

Da can jarabawa ake zaunawa, a biya dala 100 kuɗin fom. A 2020 bayan kashe George Floyd aka fitar da alƙaluman waɗanda aka ɗauka a shekarar, sai ga baƙaƙen fata ba su wuce goma ba a cikin yara kusan ɗari biyar, 'yan asalin Asiya kuwa kashi 73 cikin ɗari. Hukumar ilimi ta gundumar ta soke jarabawar da kuɗin fom, ta ƙara kujeru zuwa 550, ta ce kowace ƙaramar sakandare ta gwamnati an ware mata kujeru daidai da kashi 1.5 na 'yan aji takwas ɗinta, sannan ana ƙara maki ga ɗan talaka, da mai koyon Turanci, da mai buƙata ta musamman. Masu duba takardun ba sa ganin sunan yaro ko launinsa. Zubin farko da aka yi da wannan tsari 'yan Asiya suka sauko zuwa kashi 54, baƙaƙe suka hau zuwa 7, 'yan Latin Amurka daga 3 zuwa 11.

Shi ne iyaye, yawancinsu 'yan Indiya da Sin da Koriya, suka haɗa ƙungiyar Coalition for TJ suka shigar da ƙara a Maris 2021, lauyoyin Pacific Legal Foundation suka tsaya musu. Hujjarsu ita ce ko da ba a rubuta launin fata a dokar ba, niyyar a rage 'ya'yansu ce, kuma hakan ya saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya ce kowa daidai yake a gaban doka. Har saƙonnin waya na 'yan hukumar aka baje a kotu, akwai wadda ta rubuta wa abokiyar aikinta cewa ita ma tana jin ƙamshin ƙin 'yan Asiya a lamarin. Alƙali Claude Hilton ya ba iyayen gaskiya a Fabrairun 2022. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa a Mayun 2023, alƙalai biyu da ɗaya, ta ce 'yan Asiya ba su kai rabin masu nema ba amma sun samu fiye da rabin kujerun, to ina cutar. Wata ɗaya bayan nan Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen shiga jami'a a shari'ar Harvard, kowa ya ɗauka TJ ce ta gaba, sai ga shi ta ƙi sauraron ƙarar ma gaba ɗaya. Alƙalai biyu na Kotun Ƙolin, Samuel Alito da Clarence Thomas, ne suka fito suka yi bore, Alito har ya kwatanta hujjar kotun ɗaukaka ƙarar da ƙwayar cuta mai yaɗuwa.

Sai dai ka lura, ƙin saurare ba hukunci ba ne, ba ta ce tsarin daidai ne ba, shiru ta yi. Haka ta ƙara yi a Disambar 2024 da irin wannan ƙarar ta makarantun Boston. Ƙofar a buɗe take kenan.

Maman Khalifa:
Malam Sani ya gama bayani, ni dai abin da na gani da idona zan ƙara. Kafin a canza tsarin nan, ranar Asabar da safe ka je ka ga layin motoci a bakin wuraren lesin, yara 'yan aji huɗu da biyar da jaka ta fi su nauyi, dubban daloli iyaye ke zubawa shekara da shekaru saboda jarabawa ɗaya tal. Ni a lokacin aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, maigidan yana tuƙi, ina muka ga wannan kuɗin? Kuma makarantu ƙalilan irin su Carson da Longfellow su ke kwashe kaso mai tsoka, wata makarantar kuwa a shekara da ƙyar ta tura ɗaya. Shi ya sa in aka ce min da can cancanta zalla ake bi sai in yi dariya, cancanta ce amma da aljihu a bayanta. Ba na zagin iyayen da suka je kotu fa, wallahi wasunsu da akwati ɗaya suka shigo ƙasar nan kamar mu, suka hana cikinsu don yaran, dole ya yi musu ciwo. Amma a zubin farkon nan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, alhali da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba, kuma a cikinsu har da 'ya'yan talakawan Asiya da yawa, su ba a cika maganarsu ba.

Baban Husna shiri ba a banza ba ne. Ana son matsakaicin makinta ya kai 3.5 cikin 4 zuwa sama, ta kasance tana Aljebra 1 ko sama da haka a aji takwas, lissafi da kimiyya kuma a ajin masu ƙoƙari. Kuma har yanzu ana zama a yi rubutu, akwai tambayoyi a kan ita kanta, akwai matsala ta lissafi ko kimiyya da za ta warware ta bayyana yadda ta yi da jimloli. Yaranmu a nan suke tuntuɓe, amsa na kai amma bayani ya gagara, ku sa ta riƙa rubutu tun yanzu.

Ɗan Gusau:
Ni ina gida Najeriya amma ina karantawa ina murmushi, ai wannan rigimar makarantun Yuniti ce ta sa kwat. Kun manta 2013 da aka fitar da makin shiga, yaron Anambra sai ya ci 139, na Yobe 2, namu na Zamfara 4? Lauya Olisa Agbakoba ya kai gwamnatin tarayya ƙara, a 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas, Mai shari'a John Tsoho, ta ce bambanta maki saboda jihar asali ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Har yau in muhawara ta tashi a Facebook da wannan maki 2 ɗin ake yi mana gori. Ni kuma abin da ke ci min rai, an rage mana maki amma ba a gyara firamaren da ta sa muke cin 4 ɗin ba, kuma sau da yawa ɗan mai hali na cikin birni ne ke cin kujerar, ba yaron ƙauyen da aka yi abin dominsa ba.

Malam Sani:
Ɗan Gusau akwai kama amma akwai bambanci babba. Namu na gida ƙarara aka rubuta, jiha kaza maki kaza, lauya ba ya shan wahalar nuna wariya. Na TJ ba a duba asalinka, makarantar da kake zuwa ake dubawa, ɗan Indiya da ɗan Habasha da ke aji ɗaya mizaninsu ɗaya, don haka sai ka tabbatar wa kotu da abin da ke zuciyar waɗanda suka tsara, kuma a nan ƙarar ta maƙale. Maganarka ta ƙarshe kuwa ta zauna, nan ma da aka raba kujeru ta makaranta sai wasu iyayen suka fara lissafin unguwar da gasa ba ta da zafi.

Baban Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardarta yanzu, Aljebra 1 ɗin ma bana take yi, ashe ta wuce inda nake zato. Hajiya Maman Khalifa don Allah uwarta za ta yi miki magana ta akwati a kan rubutun nan, don yarinyar in ka ce ta yi bayani layi biyu take yi ta ajiye biro.