Rawar ɗaga amarya da ango a kan kujera, wai ibada ce ko wasa?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Jiya muna gidan sa lalle a Ƙofar Ƙaura ƙanwar ango ta nuna mana wani bidiyo a wayarta wai bikin Yahudawa ne a Amurka, an ɗora ango da amarya kowa a kujerarsa ƙarti sun ɗaga su sama ana ta juyi da su, su biyun sun riƙe bakin hankici ɗaya, amaryar ta ƙanƙame kujera sai ihu take baiwar Allah. Ga wata busa kamar algaita amma ba ita ba. Don Allah wa ya san kan abin?

Ɗan Kusugu:
Wa alaikis salam Maman Ilham, wasan biki ne kawai. Rawar sunanta hora, a da'ira ake yin ta hannu cikin hannu, asalinta ma daga Romaniya suka ɗauko ta. Kiɗan kuma shi ake kira klezma, na Yahudawan gabashin Turai ne, su Folan da Yukren. Abin busan klarinet ne, amma da can goge irin na Turawa ke jan ragamar. Bayan yaƙin duniya na biyu kiɗan ya kusa ɓacewa, sai a shekarun 1970 matasa a Amurka suka farfaɗo da shi.

Na Gobarau:
Ni wallahi ba kujerar ce ta ja hankalina ba, wani mutum gare su da ake ce ma badhan, ku ɗauka zabiya da ɗan kama a jiki guda. A da can, kafin a ɗaura aure akan zaunar da amarya tsakiyar mata, ya zo shina rera mata baitoci, yau kin bar gidan ubanki, ƙuruciya ta ƙare, in marainiya ce ya ambato mamatan, goge na bin shi a hankali har sai ɗakin ya kaure da kuka, to da ya ga hawaye sun wadata sai ya juya ya kama barkwanci. Ba ku tuna daren kai amarya ba? Sannan akwai rawar fushi, uwar ango da uwar amarya su fito fili, wannan ta murguɗa baki ta juya baya waccan ta bi ta da lallashi, ƙarshe su rungumi juna.

Hajiya Ƴar Daura:
Yaran nan duk na Turai kuke ta kawowa. Yahudawan Yaman da Maroko lalle suke sa ma amarya kamar mu, da taron mata da guɗa. Na Yaman ɗin ma a da ba su amfani da kayan kiɗa, gwangwani da faranti suke bugawa, saboda juyayin rushe musu babban wurin ibada na Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya. Kofin gilashin da ango ke takawa ya fashe ma tunawa da wannan ne.

Maman Ilham:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma rawar fushin nan Na Gobarau, bikin da muke ciki yanzu uwar ango da uwar amarya tun ranar jere ba su ga maciji saboda gara, in aka sako su fili ban jin za a kai ga rungumar.