Shin "revelation" wahayi kaɗai take nufi?

Ɗalibar Fassara: Assalamu alaikum malamai. A ƙamus an fassara "revelation" da wahayi, amma jaridun Turanci kan rubuta "shocking revelations" a labarin badaƙalar kuɗi. Ina haɗin wahayi da satar kuɗi?

Malam Mai Ƙamus: Wa alaikumus salam, malama. Haɗin yana cikin asalin kalmar. Daga Latin ta fito, "revelare", wato yaye lulluɓi, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci. Don haka duk abin da ke rufe aka buɗe shi, kalmar ta hau kansa, ko Allah ne ya bayyana shi ko ɗan jarida.

A harkar addini ba ta cika ɗaukar jam'i ba: "divine revelation", wahayi ke nan. A labarai kuwa ana ƙirga ta, kuma galibi da "s" take zuwa. Bayanan sirrin leƙen asirin Amurka da Edward Snowden ya fitar a 2013, "Snowden revelations" jaridu suka kira su. Nan sai ki ce fallasa, ko tonon silili, ko abin da aka bankaɗo. In kika sa wahayi, kin mai da Snowden annabi.

Baban Ajin Dare: Malam ya gama magana, sai dai akwai ma'ana ta uku da ke kayar da masu fassara labarin ƙwallo. "The young striker was a revelation" ba asirin yaron aka tona ba. Ya taka rawar da ba a zata ba ne, ya ba kowa mamaki. Haka "it was a revelation to me", wato abin ya buɗe mini ido. Kuma a kula da furuci: nauyin yana kan gaɓa ta uku, re-ve-LEI-shan. Da harshe ya zame, sai a ji "revolution", juyin juya hali.

Mai Nazarin Littattafai: A ɓangaren addinin ma akwai tarko, 'yar'uwa. Ba kowane wahayi na Alƙur'ani ake mayarwa "revelation" ba. Saukar ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ a kogon Hira, wannan kam "first revelation" ake ce masa. Amma wahayin da aka yi wa ƙudan zuma a Suratun Nahl aya ta 68, da na mahaifiyar Annabi Musa a Suratul Ƙasas aya ta 7, masu fassara da yawa "inspired" suke sawa, domin ilhama ake nufi, ba annabci ba.

Idan kuma kika gan ta da babban baƙi, "Revelation", sunan littafin ƙarshe na Sabon Alkawari ne a Littafi Mai Tsarki na Kirista, mai sura 22. Da Hausa wasu bugu na cewa Wahayin Yahaya, wasu Ru'ya ta Yohanna. Har Turawan kan ƙara masa "s" a baka, alhali sunan tilo ne.