Wa ya kalli Raaz, ya kuma kalli na Amurka da aka wanko shi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na sake kallon Raaz, fim ɗin Indiya na 2002 wanda Vikram Bhatt ya ba da umarni, Bipasha Basu da Dino Morea suka ja shi. Farkon ganina da shi ina budurwa, yayana ne ya aro kaset ɗin a shagon haya. Har yau ihun matar nan da ke fitowa daga dajin Ooty yana sa tsigar jikina tashi. Sai bara ƙanena ya ce min wankiya ne, daga What Lies Beneath na Amurka aka ɗauko shi, na 2000, wanda Harrison Ford da Michelle Pfeiffer suka fito. Na nema na kalla, kuma tun ranar raina bai kwanta da ƙarshen Raaz ba. Don Allah wanda ya gani ya faɗa mana yadda ya ji.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin tuna min da baya. Mu takwas muka kalle shi a ɗakin samari, an rufe taga da zani. Daidai wurin lemon tsamin nan da Farfesa Agni Swaroop ya ce idan ya koma ja to akwai fatalwa a gidan, sai aka ɗauke wuta. Wallahi babu wanda ya motsa, sai wani daga can lungu ya fara karanta Ayatul Kursiyyu a hankali, muka bi shi. Ni a wurina Ashutosh Rana, wanda ya fito a Farfesan, shi ne ya riƙe fim ɗin, idan yana bayani sai ka ji kamar ya taɓa gani da idonsa. Na Amurka ban kalla ba.

Anti Zuwaira:
Maman Ilham, na san abin da ya tsaya miki a rai, domin ni ma shi ya tsaya min. A na Amurka, mijin ya nemi ɗaliba, da ta zame masa barazana ya kashe ta ya nutsar da gawarta a tafki. Fatalwar ba matar gida take farauta ba, so take a tona asirin wanda ya zalunce ta. Wurin bahon wankan nan, da ya shaƙa wa matarsa magani jikinta ya mutu, ruwa yana hauhawa tana gani ba ta iya ɗaga ko hannu, sai da na miƙe tsaye ina riƙe da ƙirjina. A ƙarshe shi ne ya halaka a ruwan.

To da labarin ya isa Indiya sai aka wanke mijin. Aditya ya ci amanar matarsa Sanjana, ya yi tarayya da Malini, amma an ce Malinin ce ta harbe kanta a gabansa, kuma dama mai taɓin hankali ce. Shi laifinsa kawai ya binne gawar a daji ya yi shiru. Wadda aka yaudara ta koma muguwa, wadda aka ci amanarta kuma ita ce ta shiga daji cikin dare ta nemo gawar ta ƙone, don ta ceci ran mijin. Tare da surukata muka kalla, Allah ya jiƙanta. Da aka gama ta ce, "Kin ga mace tagari." Ban ce komai ba saboda kunya, amma a daren ban yi barci ba, ba kuma tsoro ne ya hana ni ba.

Baban Sadik:
Anti, maganarki tana kan hanya, amma ki duba mutanen da aka yi wa fim ɗin. A al'adar Hindu akwai tsohon labarin Savitri, matar da ta bi ubangijin mutuwarsu har ta karɓo ran mijinta. Mai kallo a can da wannan idon yake ganin Sanjana. Ƙona gawar ma nasu ne, a ganinsu kurwa ba ta samun sakewa sai an yi wa mamaci wannan. Saboda haka ni ban ɗauke shi kwafi zalla ba, sun ɗauki ƙashin labarin ne suka sa masa nasu naman. Ga waƙoƙin Nadeem da Shravan, ni kaset ɗin waƙar na fara saya kafin na ga fim ɗin, a shagona yake kwana yana juyawa. Ki gwada shi da Alone na 2015, wanda aka ɗauko daga na Tailan na 2007 kan tagwayen da aka haifa a manne. Shi ma Bipasha ce, amma rabinsa na kalla na kashe.

Maman Ilham:
Malam, na gode, ban san labarin Savitri ba sai yau. Sai dai ita mijinta bai ci amanarta ba, ko? Abin da ya fi damuna jiya shi ne 'yata mai shekara sha shida tana gefena. Da Sanjana ta cinna wa gawar wuta sai ta juyo ta ce, "Umma, shi kuma mijin me aka yi masa?" Na ce ya yi haɗarin mota, ya sha jinya. Ta ce, "Shi kenan?" Na yi mata alkawarin ranar Asabar za mu kalli na Amurka tare, da rana.