Wane dandali ya kamata malami ya riƙe don ƙaro sanin aiki?

Sabuwar malama: Assalamu alaikum malamaina. Zaurukan malamai sun yi yawa, data na ƙarewa, abin da ake tsinta kuma kaɗan ne. Wanne ya kamata a riƙe, wanne za a bari?

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam, Malama. Kowanne da aikinsa. WhatsApp wurin hira ne, ba rumbu ba ne: zaure ɗaya iyakarsa mutum 1,024, kuma takardar da aka tura watanni uku baya sabon shiga ba zai same ta ba. Telegram yana ɗaukar mutum 200,000, fayil har 2GB, ana iya raba zauren gida-gida, lissafi daban, kimiyya daban, kuma idan mai kula ya buɗe tarihin hira sabon shiga zai karanta komai. Saboda haka a tattauna a WhatsApp, a ajiye tsarin darasi da tambayoyin gwaji a Telegram ko Google Drive. A rubuta wa kowane fayil suna sosai: fanni, aji, zango. Fayil marar suna ɓatacce ne ko da yana nan.

Malamar kimiyya: Batun data, ki shiga saitin WhatsApp ki kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye, nan ne take zurarewa. A YouTube ki sa ingancin hoton bidiyo a 360p. Rubutun allo yana karantuwa, a 144p kuwa ba ya fita. Ki nemi PhET na Jami'ar Colorado, wanda aka fara a 2002: gwaje-gwajen lantarki da sinadarai ne a kan allon waya, kyauta, ana sauke su a yi aiki ba intanet. Masu lissafi su duba manhajar lissafi ta GeoGebra.

Malamin Turanci: Kada a manta da X, wato tsohon Twitter. Kuskuren da ake yi shi ne bin mutum ɗari biyar, sai siyasa da ƙwallo su binne komai. Ki haɗa jeri na musamman, ki zuba malamai 20 zuwa 30 na fanninki, shi kaɗai za ki riƙa buɗewa. Maudu'in #edchat tun 2009 malamai ke haɗuwa a kansa, kodayake yawancinsu na Amurka ne, ajinsu ba irin na kowa ba ne. Mai koyar da Turanci ya bi shafin TeachingEnglish na British Council a Facebook.

Mai horar da malamai: Duk abin da kuka faɗa haka ne, amma ina da ja. Tara fayil ba koyo ba ne. Babban zaure na tsintar kaya ne kawai. Wanda ke canja koyarwa shi ne ƙarami, mutum shida zuwa takwas masu koyar da fanni ɗaya a aji ɗaya. A zaɓi matsala guda a farkon mako, kowa ya gwada dabara ɗaya a ajinsa, ƙarshen mako kowa ya kawo bayani da saƙon murya na minti biyu: me ya yi, yara nawa suka gane, ina ta cije. In an wuce mutum goma, uku ke magana sauran su koma 'yan kallo.

Sannan yadda ake tambaya shi ke kawo amsa. Wanda ya ce "a taimaka min da dabarar koyar da ɗebewa" addu'ar fatan alheri zai samu. A ce: aji uku, yara 60, an ba su 52 a ɗebe 17, rabinsu sun rubuta 45. Duk gogaggen malami zai gane nan take cewa suna cire ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gida, ba su fahimci aro ba, sai ya ce a koma kan tsinke ɗauri goma-goma, a kwance ɗauri ɗaya a gabansu.

Sabuwar malama: Na gode, Malam. To yaya za a gane dabarar da ke yawo ta gaskiya ce?

Mai horar da malamai: Ki tambayi uku: a wane aji aka gwada, yara nawa, da me aka auna? Misali maganar nan cewa kowane yaro da salonsa, wannan na gani wancan na ji, a koyar da kowa ta salonsa. Ta yaɗu ƙwarai, amma bincike bai tabbatar tana ƙara fahimta ba. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila tana da kundi kyauta da ke jera dabaru tare da ƙarfin hujjar kowacce. Don aji mai cunkoso da ƙarancin kayan aiki kuwa, ki karanta darussan TESSA, shirin horar da malaman Afirka na jami'ar Open University ta Birtaniya.

Shugabar makaranta: 'Yan uwa, amanar yara. Kada a ɗora fuskar ɗalibi ko sunansa ba da yardar iyaye da makaranta ba. Idan aikinsa za a nuna, a rufe sunan kafin a ɗauki hoton. Hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi. Tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna ba sa shiga zaure. Ƙorafi kan shugaba ko iyaye ma haka, domin rufaffen zaure bai hana wani ɗaukar hoton allonsa ya kai.

Mai kula da zaure: Ranki ya daɗe, an karɓa. Ƙari ɗaya: a WhatsApp duk ɗan zaure yana ganin lambarki, a Telegram ana ɓoye ta. Wanda ya kira ya ce za a yi bitar malamai ta intanet, a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, ɓarawon asusun WhatsApp ne. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau, wato ƙarin lambar sirri a saitin WhatsApp. Malama, wane aji kike ɗauka? Akwai masu aji uku su biyar da ke neman cikon ta shida.