Neman kalmar Hausa: me za mu kira "slab serif" mai gwaɓi?

MaiKoyarZane: Assalamu alaikum malamai. Ina shirya darasin zanen haruffa da Hausa, ranar Litinin zan gabatar, sai na maƙale a kan abin da Turawa ke kira bold slab serif display. Haruffa ne masu kauri waɗanda ƙarshen kowace sandarsu ke ɗauke da guntun layi mai kusurwa huɗu, kaurinsa ya kusa kai na jikin harafin. Ku duba salon haruffan Rockwell ko Clarendon. Aikinsu kanun jarida da fosta da allon talla, inda ake so a karanta daga nesa. Bold na riga na sa "mai gwaɓi". Saura biyun.

'YarFassara: Wa alaikumus salam Malam. Display dai kar ka ce "na nuni", ba fuskar kwamfuta ake nufi ba. Harafi ne da aka zana don a buga shi da girma. "Manyan haruffa" kuma za su rikita ɗalibi da babban baƙi. Ka ce "haruffan kanu".

MaiƊab'i: Kanu ya zauna. Serif kuwa ni "ƙafa" nake ce wa yarana a wurin aiki: mai ƙafa, mara ƙafa. Wannan sai ya zama mai kaurin ƙafa.

Alƙalami: A'a Alhaji, Times New Roman ma ƙafa gare shi, siririya. Wannan kofato ne. Faffaɗa, a datse, ya dira daram. "Haruffa masu kofato". Kalma ɗaya ta gama magana, ba sai an ja mata wutsiya ba.

'YarFassara: Malam Alƙalami, dubi h ko d. Guntun nan yana saman sanda ma, yana kuma gefen hannayen T. Kofato a ka?

Alƙalami: To ƙafa a ka fa, Malama? Matsalar ɗaya ce. Tawa dai ta fi kama siffar.

MaiƊab'i: Su kansu masu abin ba su tsaya kan suna ɗaya ba. Maƙerin haruffa Vincent Figgins ya fitar da irinsa a Landan wajen 1815 da sunan Antique. Wasu suka riƙa ce masa Egyptian, don a lokacin Turai na ɗokin duk abin da ya shafi Masar bayan yaƙin da Napoleon ya kai can a 1798, alhali harafin bai haɗa komai da Masar ba. Talla ce ta haife shi, masu fosta na neman abin da zai cika ido.

Alƙalami: Ko "haruffan Masar" ke nan?

'YarFassara: Bahaushe ya ji haka, Larabci zai zata. A bar wannan.

HausaZalla: Ina karantawa raina na ɓaci. Fosta, kwamfuta, ga sunayen Turawa birjik. Muna da ajami tun kafin boko ya zo, mahaddata suna da sunayen baƙaƙensu, amma sai mu zauna muna raɗa wa kayan Landan suna. Gobe wani zai zo ya ce "silab sarif" a amsa masa.

MaiKoyarZane: Allah ya gafarta Malam, ai gudun "silab sarif" ɗin ne ya kawo ni nan.

'YarFassara: Kuma Malam, "harafi" da "alƙalami" daga Larabci muka aro su. Aro ba abin kunya ba ne.

HausaZalla: Aron da ya yi ɗaruruwan shekaru a bakin malamai daban, na ƙasaita da Turanci daban. Yaranmu sun ɗauka duk wanda bai cusa Turanci ba bai waye ba.

Alƙalami: Shi ya sa na ce kofato. Hausa ce tsantsa.

HausaZalla: Dabba ce ke da kofato. Ba na son a jingina shi ga abin da ake rubuta ilimi da shi.

MaiƊab'i: Mu koma kan aiki don Allah. Malam, akwai abin da ya kamata ɗalibanka su gani da ido. Irin harafin nan da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ka rubuta ƘASA a kanu, manhaja ta aro Ƙ siririya daga wani salon, ta tsaya tsakanin ƙattan haruffa, duk kanun ya lalace. Wanda ma yake da su, ƙugiyar a daidai gurbin ƙafar sama take zama, don haka in mai zanen bai yi mata kaurin da ya dace ba, daga nesa ɗ ta koma d. Sannan kar su rage girmansa su cika shafi da shi, cikin haruffan "a" da "e" cushewa yake yi da tawada.

MaiKoyarZane: Wannan zai shiga darasi, na gode Alhaji. To Rockwell na 1934 ƙafarsa a datse take haɗuwa da sanda, Clarendon na Robert Besley na 1845 kuwa akwai ɗan lanƙwasa a mahaɗar. Yaya za a bambanta su?

'YarFassara: "Mai lanƙwasa" an riga an ba ƙ da ɗ, za a samu ruɗani. Wannan sai mun sake zama.

MaiKoyarZane: To Litinin zan tafi da "haruffan kanu masu gwaɓi, masu kaurin ƙafa". Na Clarendon zan nuna hoto kawai.

HausaZalla: Ya yi tsawo, amma babu Turanci a ciki. Na yarda a haka.

Alƙalami: Ni ban janye ba. Malam, ka faɗa wa ɗaliban duka biyun, ka dawo mana da wadda suka riƙe.